Daga Karatun Uwa Zuwa Rayuwar Yaro: Nazarin Tsani a Binciken Lafiya na Lura

Tsakure

Wannan maƙala ta duba nazarin tsani, wato hanyar lissafin da masu binciken lafiyar jama'a ke bi don gano ta inda sanadi ke ratsawa kafin ya kai ga cuta ko mutuwa. An taƙaita ta ga binciken lura, wanda mai bincike ba ya raba wa kowa magani, sai dai ya rubuta abin da ya tarar. Hujjar maƙalar ita ce, adadin da aka saba bayarwa na cewa kashi kaza na tasiri ya bi ta tsani kaza yana tsaye ne a kan sharuɗɗan da bayanai ba sa iya tabbatar wa kansu, kuma mafi raunin su shi ne wanda ya shafi alaƙar tsani da sakamako. An kawo misalai daga Amurka, Ingila da Faransa, sannan aka auna darasinsu a kan tambayar karatun uwa da mutuwar ƙananan yara a Nijeriya.

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1979 John Caldwell ya buga nazari a mujallar Population Studies kan bayanan da aka tattara a Ibadan da yammacin Nijeriya. Ya gano cewa 'ya'yan matan da suka yi makaranta sun fi tsira daga mutuwar ƙuruciya, kuma bambancin bai gushe ba bayan an yi la'akari da matsayin uba. Ya kawo dalilai: mace mai karatu ba ta saurin sallamawa idan yaro ya kwanta, ta san yadda za ta sa ma'aikacin asibiti ya saurare ta, kuma maganarta tana da nauyi a gaban miji da uwar miji. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan dalilai iƙirari ne game da hanyar da karatu ke bi har ya kai ga yaron.

Tambayar ba ta tsufa ba. Binciken ƙasa kan al'umma da lafiya na 2018, wanda aka fi sani da NDHS, ya nuna yara 132 cikin kowane 1,000 da aka haifa a Nijeriya ba sa cika shekara biyar. A Arewa maso Yamma adadin ya kai 187, a Kudu maso Yamma kuwa 62 ne. Yarinyar da aka sa firamare bana za ta ɗauki shekaru fiye da goma kafin karatunta ya amfani ɗanta. Idan mun san cewa kaso mai tsoka na alherin karatu yana bi ta rigakafi ne ko ta haihuwa a asibiti, ana iya kai waɗannan ga uwar da ba ta yi makaranta ba tun yau. Wannan shi ya sa nazarin tsani ke da daraja, shi ya sa kuma kuskure a cikinsa ke da tsada, domin da shi ake yanke inda kuɗin lafiya zai tafi.

A cikin maƙalar, sanadi shi ne abin da ake zargi da tasiri, kamar karatun uwa. Sakamako shi ne abin da ya biyo baya, kamar mutuwar yaro. Tsani shi ne abin da ke tsakaninsu, wanda sanadi ke sauyawa, shi kuma ya sauya sakamako.

2.0 Tsohuwar hanya da inda ta yi amfani

Sewall Wright, masanin ilimin gado ɗan Amurka, ya fara zana kibau tsakanin sanadi da sakamako tun 1920. Amma hanyar da ta mamaye fagen ita ce ta Reuben Baron da David Kenny ta 1986, wadda ta fito daga nazarin halayyar ɗan Adam. Masu binciken cututtuka suna da tasu mai kama da ita: a auna alaƙar sanadi da sakamako, a shigar da tsani cikin lissafi, a sake aunawa. Abin da ya ragu a ce ya bi ta tsani, abin da ya saura a kira shi tasirin kai-tsaye. Sauƙinta ne ya sa ta yaɗu.

Ba na cikin masu cewa a yi watsi da ita kwata-kwata. A 2014 mujallar Lancet ta buga nazarin da ya haɗa binciken bin sawu guda 97, masu ɗauke da mutum miliyan 1.8. Kowane ƙarin maki 5 a ma'aunin ƙiba ya zo da ƙarin haɗarin ciwon jijiyoyin zuciya na kashi 27 cikin 100, da na shanyewar ɓarin jiki kashi 18. Da aka shigar da hawan jini, kitsen jini da sukari, sai suka sauka zuwa kashi 15 da kashi 4. Masu nazarin suka ƙiyasta cewa waɗannan ukun sun ɗauki kashi 46 na ƙarin haɗarin zuciya da kashi 76 na shanyewar ɓarin jiki, kuma hawan jini ne ya fi ɗaukar nauyin. Abin da ya ba wannan aiki ƙarfi ba yawan mutanen ba ne kawai. An auna mutanen kafin ciwon ya zo, an auna tsanin da na'ura, kuma akwai gwaje-gwajen asibiti masu zaman kansu da suka riga suka tabbatar cewa sauke hawan jini yana rage shanyewar ɓarin jiki. Rabin tafiyar, wato daga tsani zuwa sakamako, an san shi daga wani wuri. Yawancin bincikenmu ba su da wannan gata.

3.0 Inda gizo ke saƙar

A 1971 Jacob Yerushalmy na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley ya wallafa abin da ya rikita masana shekaru da dama. Matan da ke shan taba sun fi haihuwar jarirai marasa nauyi, wannan sananne ne. Amma da ya ware jarirai marasa nauyi kaɗai, sai ya ga waɗanda uwayensu ke shan taba sun fi rayuwa a kan waɗanda uwayensu ba sa sha. Wanda ya bi tsohuwar hanya ido rufe zai ce taba tana cutarwa ta hanyar rage nauyi, amma tana da wani tasirin kai-tsaye mai kare jariri.

Sonia Hernández-Díaz, Enrique Schisterman da Miguel Hernán sun warware zaren a 2006. Rashin nauyi yana da sanadi fiye da ɗaya. Taba tana jawo shi, haka ma nakasar halitta da wasu cututtuka da suka fi taba saurin kisa. Jariri marar nauyi wanda uwarsa ba ta shan taba, to wani abu ne ya rage masa nauyi, kuma sau da yawa wannan abin ya fi muni. Da zarar an tsaya a kan marasa nauyi kaɗai, an haɗa 'ya'yan masu shan taba da jariran da ke ɗauke da babbar matsala, sai taba ta fito kamar mai taimako. Tsanin ya zama mahaɗar sanadi biyu, ɗaya an auna shi, ɗaya ba a auna ba, kuma shigar da mahaɗa cikin lissafi yana ƙirƙirar alaƙar da babu ita.

Abin lura shi ne ko da an raba sanadi ta hanyar ƙuri'a, kamar yadda ake yi a gwajin magani, wannan matsala tana nan, domin ba a raba tsani ta ƙuri'a ba. Charles Judd da Kenny sun yi wannan gargaɗi tun 1981, sai dai maƙalar 1986 ce jama'a suka fi karantawa, gargaɗin kuma ya bi iska.

Mu dawo gida. NDHS ta 2018 ta nuna kashi 39 cikin 100 na haihuwa a Nijeriya ne ake yi a asibiti, a Arewa maso Yamma kuwa kimanin kashi 16. A irin wannan wuri hanya biyu ce ke kai mace ɗakin haihuwa. Wata ta yi awo, ta shirya, ta je da ƙafarta. Wata kuma an kawo ta ne bayan doguwar naƙuda, ko jijjiga, ko zubar jini, bayan ungozoma ta yi iya yinta. Mace mai karatu ta fi bin hanya ta farko, wadda ba ta yi makaranta ba ta fi zuwa ta ta biyu. Idan bayananmu ba su rubuta wahalar naƙuda ba, lissafi zai nuna asibiti ba ya ceton jarirai, wani lokaci ma ya nuna kamar yana ƙara mutuwa. Kason da ya bi ta asibiti zai ƙanƙance, tasirin kai-tsaye na karatu zai kumbura. Mai tsara kasafi da ya karanta wannan zai iya cewa gyara ɗakin haihuwa ba shi da wata fa'ida, alhali kuskuren yana cikin lissafin ne. Wannan ya dame ni ƙwarai, domin sakamakon yana fitowa da lambobi masu tsafta, babu wata alama a fuskarsa da ke nuna ya karkace.

4.0 Sabuwar fahimta da sharuɗɗanta

James Robins da Sander Greenland a 1992, sannan Judea Pearl a 2001, sun sauya yadda ake yin tambayar. Sun fara da bayyana abin da ake son sani kafin a taɓa lissafi. Tambaya ta farko ita ce: da za a yi wa kowane yaro cikakken rigakafi, na mai karatu da na marar karatu, wace tazara za ta saura a mutuwarsu? Wannan shi ne tasirin kai-tsaye bayan an daidaita tsani ga kowa. Tambaya ta biyu ta fi zurfi: me zai faru da ɗan mace mai karatu, da rigakafinsa zai kasance yadda zai kasance da uwar ba ta yi karatu ba? Wannan ta biyun ce ke ba da damar raba jimillar tasiri gida biyu, amma tana magana ne a kan halin da ba a taɓa iya gani a mutum ɗaya ba.

Kafin a amince da rabon, dole a yarda cewa an auna duk abin da ke tasiri a kan sanadi da sakamako tare, da duk abin da ke tasiri a kan sanadi da tsani tare, da duk abin da ke tasiri a kan tsani da sakamako tare. Akwai sharaɗi na huɗu da ba a cika ambata ba: cikin abubuwan da ke rikita alaƙar tsani da sakamako, kada a samu wanda sanadin da kansa ya haifar. Tyler VanderWeele ya shimfiɗa waɗannan dalla-dalla a littafinsa na 2015.

Sharaɗi na huɗun nan, a ganina, kusan kullum a karye yake a tambayarmu. Karatun yarinya yana tasiri a kan wanda za ta aura, da shekarun da za ta yi aure, da ko za ta zauna a birni ko ƙauye. Waɗannan kuwa suna tasiri a kan rigakafin yaro, suna kuma tasiri a kan rayuwarsa ta wasu hanyoyi, kamar abinci da ruwan sha. Idan an bar su a waje, alaƙar rigakafi da mutuwa ta gurɓata. Idan an shigar da su, an toshe wani ɓangare na hanyar karatu. John Cleland da Jeroen van Ginneken sun ƙiyasta a 1988 cewa kimanin rabin alaƙar karatun uwa da rayuwar yaro daga wadatar gida take. Sonalde Desai da Soumya Alva, da suka duba ƙasashe 22 a 1998, sun ga alaƙar ta yi rauni sosai bayan an yi la'akari da karatun miji da unguwar da ake zaune, ko da yake alaƙar karatu da rigakafi ta tsaya. To amma wadatar wane gida? Dukiyar gidan mahaifinta ta riga karatunta, ita ce ma ta kai ta makaranta, don haka mai rikitawa ce da ya kamata a cire. Dukiyar gidan mijinta ta biyo bayan karatun, wataƙila karatun ne ya kai ta can, don haka tana kan hanya. Bincike irin NDHS yana rubuta ta biyun ne kawai, mu kuma muna amfani da ita a madadin ta farko.

Mafitar da VanderWeele, Stijn Vansteelandt da Robins suka gabatar a 2014 ta fi dacewa da mu. Ana tambaya ne: da za a ɗaga yawan rigakafi a tsakanin 'ya'yan marasa karatu ya yi daidai da na 'ya'yan masu karatu, mutuwa nawa za ta ragu? Wannan ba ya buƙatar sharaɗi na huɗu, kuma tambaya ce da kwamishinan lafiya zai gane ya yi aiki da ita.

Abu biyu na lissafi a taƙaice. Tsohuwar hanya tana ɗauka cewa tsani yana aiki iri ɗaya ga kowa, alhali rigakafin ƙyanda zai iya fin amfani ga yaron da ke fama da tamowa. Linda Valeri da VanderWeele sun fitar da hanyar shigar da wannan cuɗanya a 2013. Na biyu, kwatanta ma'aunin rinjaye na lissafin lojistik kafin da bayan shigar da tsani yana aiki ne idan sakamakon ba shi da yawa, ƙasa da kashi 10 cikin 100 bisa al'ada. Mutuwar yara 187 cikin 1,000 ta wuce nan, tsumburewar yara kuwa, da ta kai kashi 37 a faɗin ƙasa a 2018, ta wuce nesa.

5.0 Lokaci da wuri

Binciken Whitehall na biyu ya fara a 1985 da ma'aikatan gwamnati 10,308 a Landan. A 2010 Silvia Stringhini da abokan aikinta suka tambaya nawa ne daga cikin ƙarin mutuwar ƙananan ma'aikata ya bi ta taba, giya, abinci da motsa jiki. Da suka yi amfani da awon farkon bincike kaɗai, amsar ta zama kashi 42 cikin 100. Da suka yi amfani da awon da aka maimaita a tsawon shekaru, ta koma kashi 72. Mutane ɗaya, tambaya ɗaya, abin da ya bambanta kawai shi ne sau nawa aka auna tsani. Tsanin da aka auna sama-sama yakan fito ƙarami, ragowar kuma a jibga wa tasirin kai-tsaye, wanda a gaskiya suna ne na duk abin da ba mu auna ba ko muka auna da rauni.

A 2011 suka kwatanta Whitehall da GAZEL, binciken ma'aikatan kamfanin gas da lantarki na Faransa. Halayen nan sun ɗauki kashi 75 a Ingila, kashi 19 kacal a Faransa, domin a Faransa shan taba da irin abinci ba su rabu tsakanin manya da ƙananan ma'aikata kamar yadda suka rabu a Ingila ba. Kason da ya bi ta tsani, ke nan, siffa ce ta al'umma a wani zamani. Abin da aka samu a Ibadan, inda asibiti ke kusa, ba dole ne ya zama na ƙauyen Katsina ba, inda mace mai karatun ma za ta je ta tarar babu allura.

6.0 Abin da bayananmu za su iya ɗauka

Ɗalibanmu na digiri na biyu da na uku suna son NDHS domin kyauta ce kuma tana da inganci. Amma binciken karo ɗaya ce, kuma Scott Maxwell da David Cole sun nuna a 2007 cewa nazarin tsani da irin wannan bayani yana iya kauce wa gaskiya ƙwarai. A nan matsalolin suna da suna. Ana tambayar rigakafi ne a kan yaran da ke raye, don haka ba a da tsanin ga yaran da suka rasu, su ne kuwa sakamakon da ake nazari. A zagayen 2018 an tambayi awon ciki ne a kan haihuwa ta ƙarshe kawai. Ana auna wadatar gida ranar hira, wataƙila shekaru bayan rasuwar yaron, bayan jinyarsa ta ci akuyar gidan. Uwar da ta rasu wajen haihuwa ba ta cikin waɗanda aka yi hira da su, jaririnta kuma yana cikin waɗanda suka fi shiga haɗari. Sanadin ma yana da tasa matsalar: matakan da ake rubutawa su ne firamare, sakandare da gaba da sakandare, don haka macen da ta yi shekaru a Islamiyya, tana karatu tana rubutu, za ta iya faɗawa cikin rukunin marasa karatu. Idan iya karatu da amincewa da kai ne ke ceton yaro, mun cakuɗa rukunin da muke kwatantawa da shi.

Shawarata ita ce a fara da zanen kibau a takarda kafin a kunna kwamfuta. Tsarin Henry Mosley da Lincoln Chen na 1984, wanda ya kasa makusantan sanadin mutuwar yara gida biyar, mafari ne mai kyau, muddin an ƙara masa abubuwan da ba a auna ba, an rubuta su da sunansu. Sannan a zaɓi tambayar da bayanan za su iya ɗauka. NDHS tana iya cewa wani abu a kan hanyar da ke tsakanin karatun uwa da cikar rigakafin yaro mai rai. Ba ta iya raba mutuwar yaro zuwa kason rigakafi da kason saura.

Duk adadin da aka fitar ya zo da gwajin juriya. Kosuke Imai, Luke Keele da Dustin Tingley sun samar da ɗaya a 2010, yana cikin manhajar R kyauta. Gwajin yana faɗin irin ƙarfin da ɓoyayyen sanadi ke buƙata kafin ya shafe sakamakon. Idan wahalar naƙuda kaɗai ta isa ta shafe shi, a faɗa wa mai karatu haka a tsakure, kada a ɓoye a shafi na goma sha biyu. Ƙa'idar AGReMA, wadda mujallar JAMA ta buga a 2021 da abubuwa 25 da ake son kowane rahoto ya bayyana, ta dace kwamitocin duba kundin digiri da editocin mujallunmu su riƙa neman ta.

Tambayar mutuwa kuwa tana buƙatar bin sawu, irin wanda aka kafa a Nahuce ta jihar Zamfara da Navrongo ta arewacin Gana, inda ake komawa gida ɗaya lokaci bayan lokaci. A irin wannan tsari ana iya rubuta ciki tun kafin haihuwa, a rubuta ko matar ta yi niyyar haihuwa a asibiti ko kawo ta aka yi, a kwafe katin rigakafi yaron yana raye, a tambayi halin gidan mahaifinta dabam da na gidan mijinta, a kuma raba karatun boko da na Islamiyya a takardar tambayoyi. Tambayoyi kaɗan ne za a ƙara, kuma masu tattara bayanan suna zuwa gidajen ko ma ba a ƙara su ba.